Sun Ce Innata Ta Tsallake Yaron

Hajiya, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, ki yi haƙuri da rubutuna. A kasuwar Katako nake aiki, wajen masu yankan itace.

Innata ungozoma ce, rabin yaran kartiyenmu, wato unguwarmu, ita ta yi musu wankan farko. Shekarun nan ta canza. Da farko gishiri take zubawa sau biyu a miya, yanzu ni kaina wani lokaci da sunan ƙanenta da ya rasu a Tahoua take kirana. Amma kukan jariri bai ɓace mata ba. Da ta ji shi sai ta ja mayafi ta shiga gidan, ko ba a kira ta ba.

Kwanan nan ta shiga gidan maƙwabcinmu Sumana, ta ɗauki ɗansu tana jijjigawa. Washegari yaron ya kwanta da zazzaɓi. Matan gidan suka tare ta suna tambaya ko ita ta kama kurwarsa, ta yi murmushi ta amsa. Hajiya, na lura da ita sosai, duk abin da aka tambaye ta amsawa take yi, ko an ce ta ci abinci alhali ba ta ci ba. Yanzu sun ce ta zo ta tsallake yaron ta sake shi. Yayata Hafsat ta ce a yi kawai a zauna lafiya. Ni kuwa ina ganin yadda samari ke tsayawa suna kallon ƙofarmu. Ina wurin aiki ina fargabar kar in dawo in tarar an taɓa ta. In bari ta tsallaka?

Ɗan ungozoma, Yamai

Ɗana, kar ka bari. Ranar da ta tsallake yaron nan kun amsa laifin da bakinku, duk jaririn da ya yi zafin jiki a kartiyen ita za a nema. Hafsat ba mugunta take nufi ba, gajiya ce da tsoro. Mutanen Sumana ma ɗansu ne a kwance, kar ka je musu da faɗa. Ka je dubiya, ka roƙi Sumana ku kai yaron asibiti yau.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon mantuwa, wanda ake kira gigin tsufa. Ku kai Inna wajen likita. Sannan ka sami liman da mai unguwa ka gaya musu komai, su yi wa jama'a bayani, domin maganarsu ta fi taka nauyi. Kafin ƙura ta lafa, kar ta fita ita kaɗai, kar kuma ku kulle ta a ɗaki. Ku raba zama da ita, kai da Hafsat. In akwai jariri a dangi a riƙa kawo mata ta riƙe, wani na kusa.

Allah Ya ba yaron lafiya, Ya tsare maka Inna, Ya saka maka da alheri.