Fiton da Ya Sanyaya Ƙwai

Santa Elena, 9 ga Afrilu

Ƙanena Porfirio,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar nan taka, yaya matarka Amparo da yara? Ina fata zafin Puntarenas bai gasa ka ƙurmus ba, kai da ka gudo daga sanyin dutse.

Tun ina saurayi nake jin ana cewa idan mutum ya kwaikwayi kukan tsuntsun ketsal a lokacin kwanci, namijin zai ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar ƙwai ya fito nema. Ban taɓa yarda hakan yana cutar da ƙwan ba. Shekara talatin ina kai baƙi masu yawon buɗe ido daji, fiton bakina ne ya ciyar da gidana. Jagororin yanzu da sautin waya suke kiran tsuntsun, ragwaye.

Bana gajimare ya ƙaura can saman dutse, ganye yana karyewa a ƙarƙashin takalmi. Sheƙar ketsal ɗaya ta rage a gonar Baba, cikin kogon busasshen itacen nan na bakin rafi. Kullum sau huɗu nake kai baƙi da madubin hangen nesa. Ina yin fito, sai ga namijin ya fito yana jan koriyar wutsiyarsa, su yi ta ɗaukar hoto. Wata tsohuwa har kuka ta yi.

Ka gaishe da kowa.

Yayanka,
Eulogio

Santa Elena, 27 ga Afrilu

Porfirio,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni.

Kwana biyar ina fito ba amsa, baƙi suna duban agogo. Jiya na jingina tsani na hau na leƙa sheƙar. Ƙwai biyu shuɗɗa, sanyi ƙalau, tururuwa ta riga ni zuwa. Macen ce ke kwanci da dare, namijin da rana. Da rana kuwa ni nake tashinsa, sau huɗu, yana zagaya daji yana neman wani tsoho mai haƙora shida.

Na ce wa masu masaukin baƙi leɓena ya tsage, su nemi wani.

Na san za ka ce an sha gaya mini. An sha. Ta ƙarshe ita ce matata Ofelia, a gadon asibiti, mako guda kafin ta rasu. Ta riƙe hannuna ta ce in bar tsuntsun nan ya huta. Ni kuwa na yi mata fiton don ta yi dariya, ba ta yi ba.

Ka sa ni a addu'a.

Yayanka,
Eulogio