Waƙa ta Bakwai a Faifan Ƙannena

Litinin, 2 ga Mayu

"Yaya, wannan waƙar ba za ta taɓa shiga faifai ba. Muryar Mama kawai muke son ji." Ximena ce ta faɗa bara a kicin ɗina, Pilar na gyaɗa kai, bakinta cike da burodina. Na miƙa musu tsohon kaset ɗin da aka naɗi waƙar da hannuna.

Yau sabon faifan waƙoƙin ƙannen nawa ya iso ƙauyenmu, Lolol. Waƙa goma sha ɗaya. Ta bakwai ita ce bankwanan da marigayiya Mama ta rera wa ɗana Nibaldo, ranar da aka zaunar da gawarsa a kan tebur cikin farar riga da fukafukan takarda, kamar yadda al'adarmu take in jariri ya rasu. Watansa biyar. Shekara ashirin da shida ke nan.

Sun sa mata ganga da jita mai lantarki. Ban kai ƙarshen baitin farko ba na kashe.

Laraba, 4 ga Mayu

Wata jaridar Santiago, babban birni, ta ba su tauraro huɗu. Mai sharhin, wani Barrenechea, ya ce sauran waƙoƙin "hayaniya ce mai ladabi", amma ta bakwai za a shekara ashirin ana rawarta a wurin bikin aure. Aure! Tunda nake koyar da adabi ban taɓa ƙwaɗayin ba mutum sifili irin na yau ba. Ko tambayar wa ke magana a waƙar bai yi ba. Jaririn ne. Shi ke roƙon uwarsa kada ta yi kuka, don hawaye na jiƙa fukafukai ya kasa tashi.

Ban kuwa yi kukan ba. Mama ta riƙe min haɓa har aka rufe shi.

Alhamis, 5 ga Mayu

A shagon burodi rediyo ya sako ta. Doña Herminia mai shagon ta kashe da hannu duk fulawa. Ta ce, "Edelmira 'yar nan, wannan sau ɗaya ake rera ta, a rufe ƙofa. Ƙannenki sun buɗe." Jikarta na da cikin wata takwas, ta hana ta zuwa shagon don kada ta ji waƙar. Sauran matan suka yi ta kallon kwandunansu har na fita.

Asabar, 7 ga Mayu

Sun kira, su biyu a kan waya ɗaya kamar kullum, don kada ɗaya ta sha faɗana ita kaɗai. Pilar: "Haba Yaya, Mama fa muke karramawa." Na ce ta gaya min ranar da aka taɓa yi wa Mama tafi a gaban gawa. Ximena, sarkin baki: "Malama mai jan biro, kin ma saurara har ƙarshe kafin ki ba da maki?" Na ajiye.

Asabar mai zuwa za su ƙaddamar a Santiago. Kujera ɗari takwas, kuma da ita za su rufe taro. A wurinmu mawaƙi na gamawa sai shiru, na kusa da shi ya ɗauka. Can kuwa mutum ɗari takwas za su miƙe su tafa wa ɗana, har da fito.

Lahadi, 8 ga Mayu

Tsirkiyar jitar Mama ta tsinke a jikin bango, ba wanda ya taɓa. Sanyi ne. Na san sanyi ne.

Talata, 10 ga Mayu

Wasu baƙi biyu da kyamara suna tambayar gidan "tsohuwar da ke cikin waƙar". Doña Herminia ta nuna musu hanyar juji. Wata rana maƙabarta za su tambaya.

Alhamis, 12 ga Mayu

Na saurara har ƙarshe. Don in tara hujja ne, ba wani abu ba.

A baitin ƙarshe gangar ta ɗauke, su ma suka yi shiru. Sai Mama ita kaɗai, daga kaset, da shaƙewar muryarta ta wannan rana. A bayanta wata yarinya na shessheƙa. Pilar ce, shekararta bakwai. Na manta suna ɗakin. Na manta su suka yanka fukafukan.

Gaban rigata ya jiƙe. To, sai me? Shekara ashirin da shida. Ai ya daɗe da isa, ko da fukafukan takarda ne.

Ba hucewa na yi ba. Na aika musu saƙo: kafin su rera ta, Ximena ta tsaya ta faɗi sunansa da watanninsa, ta ce ba a tafi. Na ba su zuwa gobe Juma'a, sha biyun rana. In ban ji amsa ba, motar safiyar Asabar zan hau, in haye dandamalin nan da tsohon kwat ɗina, in ƙwace abin magana in faɗa da kaina, Barrenechea ya ba ni tauraron da ya ga dama.

In kuma sun amsa, tikitin motar dai na riga na yanka.