Jiragen da Na Mayar Baya

Alhamis, 8 ga Zulƙida 1384 (Maris 1965)

'Yata Rakiya ta sauka lafiya, namiji! Na rufe shagona na huluna, na bi Jarwal, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, gida-gida ina raba dabino. Mummuna ne, idanun ubansa sak. Abokina ya iso.

Asabar, 10 ga Zulƙida

Uban, Yunus, mutumin Mindanawo a tsibiran Filifin, ya ce bayan Hajji zai koma gida da su. Na yi kamar ban ji ba. A makarantar dare malam ya nuna min ƙasar a taswira, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a ruwa. Wai sunan ma na wani sarkin Sifen ne.

Alhamis, 15 ga Zulƙida

Suna: Hadi. Bayan an ci rago na zaunar da Yunus, na ce da a ce iska ta mayar da jiragen Sifen da suka ci ƙasarku baya fa? Nan fa muka shiga! Manila ta zauna hannun sarkinta Musulmi. Amurka, da ta sayi tsibiran a hannun Sifen, ba ta sami abin saye ba. Jiragen tsibiran na sauke kayan yaji a Jidda, har Bakano ya kafa rumfa a can. Na naɗa Hadi sarkin jirage. Yunus ya yi dariya har da hawaye.

Litinin, 19 ga Zulƙida

Yau na kori Japan ma, da ta mamaye su lokacin yaƙin duniya. In Yunus ya sami ƙasarsa a tabarmata, me zai je nema?

Juma'a, 23 ga Zulƙida

Ina tsakiyar gina musu masallatai Yunus ya katse ni. "Ya Ammi," wato baffa da Larabci, "da jiragen nan sun juya, da ba a kori kakannina daga bakin teku ba, da ban zo nan ba. Kai ma da Nasara bai ci Sakkwato ba, da babanka bai yi hijira zuwa nan ba. To Hadi fa?"

Ya ce uwarsa na can, a ƙasar da jiragen suka iso, ba ta ga jikanta ba.

Ban je makaranta ba.

Talata, 18 ga Zulhajji

An gama Hajji. Hadi ya yi min fitsari a sabuwar riga, ɗan banza! Na ɗinka masa huluna uku. Ɗaya daidai kansa, biyun sai ya yi tafiya da ƙafarsa za su shige shi. Ummulkhairi, kakarsa, ta tambayi dalilin manyan tun yanzu. Na ce zare ne ya yi saura.

Na sa su a akwatin Rakiya.