Mangwaron Inna da Ɗanyen Taki

Runjin Sambo, Sakkwato
9 ga Mayu, 2024

Zuwa ga ƙanena Jinaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a a can Agege. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan muna fama da zafi, gwaggonmu Hajjo kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ka faɗa a gaban Baba cewa karatun aikin gona da na yi bai kai wuƙar fawa ɗaya amfani ba. Ban manta ba. Shi ya sa da ka ce in kula da shuke-shuken sabon gidanka na Dundaye, sai na ɗauka ka sauko ne. Na sa aka kawo baƙar ƙasa daga fadamar Kwalkwalawa, na ja fangali huɗu a gindin katanga, na zuba zogale da lalle. A gaban gida kuma na dasa mangwaro bakwai, waɗanda na yi wa aure da rassan mangwaron da marigayiya Inna ta shuka a tsohon gidanmu. Na yanko rassan ne mako guda kafin wanda ya sayi gidan ya sare itacen don ya yi shaguna. Ka san babu irinsa a ko'ina.

Na gaya maka ta waya cewa ƙaramin dashe ba ya son ɗanyen taki, sai wanda ya shekara ya ruɓe. Ka yi dariya, ka ce kai dai so kake ka tarar da gida kore shar kafin Babbar Salla. Wata Litinin a watan jiya da na je asibiti duba idona, ɗanka Jafar ya zo da tifa cike da kashin shanu da toroso daga mahauta, aka tula a gindin kowane dashe har rabin tsawonsa, aka malala ruwa. Da na tambaye shi, ya ce umarninka ne, wai ka ce Baffa ya cika dogon lissafi irin na 'yan boko. Ban ga laifinsa ba. Kwana uku takin yana dafa saiwa a wannan rana kafin in sani. Na kwashe shi da hannuna, na canza ƙasa, na kafa inuwar zana, ina zuwa safe da yamma. Sauri dai ya haifi nawa.

Ba don ka ba ni haƙuri na rubuto ba, kuma kada ka aiko a sayo wasu. Idona ba ya ganin bakin wuƙar aure yanzu, ko da yana gani ma babu uwar da zan yanko.

Ka gaida Aishatu Humaira da Nabila da Fiddausi. Hajjo tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jikokinta.

Zogalen zai iya farfaɗowa. Mangwaron kuwa jiya na kankare bawon na ƙarshe, na tarar ya bushe har ciki. Duka bakwai ɗin sun mutu.

Yayanka,
Sirajo