Ranar da Kwalbar Za Ta Ƙare

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka buɗi, Ya sa nisan da ke tsakaninmu ya zama alheri. Mu nan gida sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce dai ke taɓa ta idan ta daɗe a zaune, amma baki lafiya lau, ba wanda ya tsira daga gare shi. Auta ta fara koyon keke, har ta gwada ƙarfin ƙofar maƙwabta sau biyu. Ƙanwarka, uwargidan tawa, kuwa tana ta fama, da safe ɗalibanta, da yamma ni.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk Lahadi muna waya. Dalili shi ne a waya ba na iya faɗa maka gaskiya. Da ka tambaye ni jiki sai bakina ya riga ni, in ce da sauƙi, kai kuma ka yi hamdala da irin muryar nan taka da ba na son in ɓata. Takardar ma yau kwana uku ina rubuta ta, in yi layi biyar in ajiye biro in kwanta, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri. Ƙanwarka za ta ɗauki hotonta ta turo maka yau ɗin nan, domin maganar ba ta jira.

Kwalabe biyun nan na bitamin da ka aiko, ban buɗe su ba sai da na kai wa likitar da ke duba ni, kamar yadda ka ce. Ta juya su, ta karanta bayansu, ta ture ƙaramar gefe, ta ce abin da ke cikinta yana cikin babbar, kada in tara wa jikina kaya. Babbar kuwa ta ce in riƙa shan ɗaya kullum bayan karin kumallo, tun da gwajin jini ya nuna ina da ƙarancin abin da ke ciki. Iyakar abin da na faɗa maka ke nan, na haɗiye sauran. Sauran shi ne ta dube ni ta ce bitamin zai cike giɓin da ke jinina, amma kada in ɗauka shi ne zai kore wannan ciwon gajiya mai naci da nake fama da shi wata takwas. Ta ce ciwo ne da ba a sa masa ranar tafiya, kuma duk ranar da na zarce ƙarfina, jiki zai rama bayan kwana ɗaya ko biyu.

Kai kuma da ka ji ƙwaya talatin ce a kwalbar, sai ka lissafa wata guda cif. Ka kira abokinka Manaja ka ba shi tabbacin ranar da ta ƙare, wato Litinin mai zuwa, zan koma kan sitiyarin motar ma'aikata. Ban manta ba, kai ka nemo mini aikin nan shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma don girmanka ne Manaja ya bar mini kujerata duk watannin nan, Dogo yana riƙe da ita na wucin gadi. Da ka gaya mini ka yi wannan magana, gabana ya faɗi, amma me na ce? Na ce madalla, Allah Ya kai mu.

Laifin bai tsaya nan ba. Ranar da na sha ta tara na tashi jikina sakayau, kamar an sauke mini buhu daga kafaɗa. Nan da nan na manta da likita da duk abin da ta ce. Na ciro nawa makullin motar daga ƙusar bakin ƙofa, na hau haya har masana'anta, na gaisa da kowa tun daga mai gadi har masu ɗaukar kaya. Dogo ya matsa mini, na zaga harabar sau uku, na ma yi masa faɗa a kan birkin da ya bari yana ƙara. Da na dawo gida ban zauna ba, na gyara famfon banɗaki, na ɗaure sirdin keken Auta, sannan na kira ka da bakin nan nawa na ce na warke. Washegari na ji nauyi kaɗan. Rana ta biyu, Yaya, kofin shayi ya gagare ni ɗagawa. Kwana biyar na yi a kwance, an ja labule, ƙarar cokali a faranti ma sai in ji ta har cikin ƙashina. Kaina kuma ya cushe. Na taɓa tsayawa a tsakar ɗaki da takalmi ɗaya a hannu, na rasa abin da ake yi da shi.

Tun daga nan ban sake samun natsuwa ba. Jiki a shimfiɗe, zuciya kuwa tana ta gudu a kan titi. Ƙarfe shida da rabi in ji hon ɗin motar tana wucewa a bakin layinmu, sai in ga ƙafata tana taka birki a kan katifa. In juya dama, in juya hagu, in tashi zaune, in koma. Ina son komawa aikin nan kamar raina zai fita, ina kuma tsoronsa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne babban shataletalen nan da ke kafin masana'anta. Idan kaina ya cushe a can yadda ya cushe da takalmi a hannu, mutum talatin da biyu ne a bayana, kowa da masu jiransa a gida.

Yanzu ga abin kunyar. Da na ga saura ƙwaya goma sha biyu, sai na fara raba su biyu. Da zarar ƙanwarka ta fita makaranta, in lallaɓa kicin in ɗauko wuƙa, in aza ƙwaya a faranti in tsaga, in sha rabi in mayar da rabi. Wai ni a dole kada kwalbar ta ƙare, tun da ka ce sai ta ƙare zan koma. Kwana shida ina wannan shirme. Ranar Talata ta ga farin gari a bakin wuƙarta, ta zazzage kwalbar a tafin hannu, ta ga gutsattsari. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya nemi tsayar da kalanda da wuƙar yanka albasa ba sai mijinta. Daga dariyar kuma sai kuka, ta ce ashe tsoron da nake ciki ya kai haka ban gaya mata ba. Inna da ta ji, ba ta tausaya mini ko kaɗan ba. Ta ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma in ban rubuta maka ba ita za ta kira ka ta zayyana maka komai da ƙari.

Mun kira likita, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in koma shan guda cikakkiya, in samu ɗan littafi in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana da yadda na kwana, don mu gane iyakar ƙarfina, kuma batun tuƙa mutane a ajiye shi tukuna. Yau Juma'a, saura ƙwaya shida a kwalba, Litinin kuwa saura kwana uku, ba ta jiran kowa.

Don haka, Yaya, da safen nan na ba ƙanwarka makullin ta biya ta kai wa Manaja, tare da saƙon cewa ya tabbatar wa Dogo kujerar. Na san kamata ya yi in bari ka fara magana da shi, tun da bakinka ne a ciki, kuma na san na ba ka kunya a gaban abokinka. Ka yafe mini. Ka gaya masa ba kai ka yi ƙarya ba, ni na ba ka labarin da ba haka yake ba. Bitamin ɗinka kuma ba asara ba ne, zan ci gaba da sha yadda aka ce, Allah Ya saka maka da alheri. Tun da ƙanwarka ta fita da makullin nake kallon ƙusar nan ba komai a jikinta. Raina ya sosu ƙwarai, amma yau ne karon farko da motar ta wuce ƙafata ba ta motsa ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ina godiya da addu'a. Ka gaida Babban Mutum da 'Yar Baba, da ƙaraminsu mai ƙiriniya da ban taɓa gani ba sai a hoto. Inna tana sa muku albarka, Auta kuma ta ce a tuna wa Baba Babba alkawarin ƙararrawar keke. Jibi Lahadi zan ajiye wayar kusa da matashina. In ka tambaye ni jiki na ce da sauƙi, don Allah kada ka yi saurin hamdala, ka sake tambayata.

Wassalam. Naka har kullum,
ƙaninka, Direban Gida.