Muryar Baba a Faifan Gwawr

Bethesda, Arewacin Wales
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yayana Meurig,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da matarka Noreen ta ce ya hana ka aikin lambu. Mu nan sai godiya. Ku a Ostareliya kuna shiga zafi, mu kuwa ruwa ya ƙi ɗaukewa tun farkon wata, har kogin Ogwen ya cika ya batse. Alwyn ya sauko da tumaki daga tsauni ya dawo da tari, amma ka san mijin ƙanwarka, ya gwammace ya yi ta fama da ya taka wurin likita. Jikin Baba yana nan yadda na faɗa maka: ɓarin dama bai dawo ba, magana ma haka, ko sunana ba ya iya kira. A kansa ne na zauna rubuta maka, domin in a waya ne kuka zai tare ni kafin in kai ƙarshe.

Ka tuna rigimar da aka yi lokacin da 'yata Gwawr ta ajiye aikin koyarwa ta bi kiɗan rok, ita da Deiniol mai jita da Siwan mai ganga, suka sa wa ƙungiyarsu suna Tarth Glas. Baba, wanda ya tsufa cikin ƙungiyar mawaƙan maza ta garin nan, bai taɓa kiran abin da suke yi waƙa ba. Yakan ce ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin fasa dutse yana jin ƙarar injin, bai yi ritaya don jikarsa ta biyo shi da ita har falo ba. Ita kuma takan ce ai kunnen ne ya tsufa. Sai faifansu na biyu ya fito bai karɓu ba, wani mai sharhi ya rubuta cewa 'yan Landan suke kwaikwayo, kwaikwayon ma bai yi kyau ba. Ta dawo gida ta rataye jitarta, ta kama aiki a shagon burodi. Yarinyar da ko wanke-wanke take yi sai ta rera wani abu, ta yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Siwan ce ta zo ta janyo ta. Suka yi shawara za su yi faifai ɗaya na ƙarshe, da harshenmu na Wales zalla, babu kalmar Turanci ko ɗaya, in ya faɗi kowa ya kama gabansa. Suka ari tsohuwar majami'armu ta kan tudu, wadda aka rufe bayan tafiyarka, suka baza wayoyi tsakanin bencina suka mai da ita situdiyo. Waƙar ƙarshe Gwawr ta rubuta ta ne a kan maza masu saukowa daga aikin dutse da yamma, ta kuma nace sai tsofaffin da suka rage a ƙungiyar su Baba sun sa murya. Baba ya ƙi ƙememe. Da ya ji Emrys Puw ne zai ja masu kaurin murya, sai ya ajiye jarida ya ce, "Emrys? Mutumin da ko atishawa ya yi sai ta kauce layi?" Ya sa kwat ɗinsa na Lahadi, ya ce mana gyara kawai zai je yi.

Ni na kai musu shayi da burodinmu mai zabibi ranar. Da ka gan su, Yaya, tsofaffi a jere cikin manyan riguna saboda sanyi, kowa da abin sauraro a kunne, Baba yana yi wa Deiniol faɗa ya rage ƙara, Deiniol yana cewa to Kaka, to Kaka. Gutsi-gutsi aka ɗauka, don haka ban ji yadda waƙar take a haɗe ba. Ba a daɗe ba ciwon nan na shanyewar ɓarin jiki ya same shi a bayan gida.

Faifan ya fito a watan Satumba, sunansa Ƙarƙashin Tudun Dutse. Abin da ya biyo baya har yau ban gama mamakinsa ba. Wata babbar jarida ta Landan ta ba shi taurari biyar. Mai sharhin ya ce bai san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba, amma yana tuƙi waƙar ƙarshe ta zo, da muryoyin tsofaffin suka tashi sai da ya gangara gefen hanya ya tsaya. Wanda ya zage su a baya ya ce har yanzu waƙoƙin sun cika tsawo, sai dai bai san wani a ƙasar nan da ke yin irin wannan kiɗa ba. Rediyo ya ɗauka, har daga Jamus ana bugo waya shagon burodi. Amma wata mata a Cardiff ta rubuta cewa yara ne suka fake da tsofaffi don sayen tausayin jama'a. Duk yabon nan Gwawr ba ta ji ba, wannan ɗaya ta riƙe. Ta ce mini wataƙila gaskiya matar ta faɗa, ta ɗauki muryar Kaka tana yawo da ita a duniya alhali shi ba ya iya cewa ya yarda ko bai yarda ba. Ta daina zuwa gaishe shi, ta kuma gaya wa abokanta ba za ta hau dandamali da waƙar ba, in sun matsa ta bar ƙungiyar.

Ran Lahadi bayan cin abincin rana na kira ta, na ce ko ta zo ta kunna masa ko in kunna da kaina. Ta zo, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ba ta iya haɗa ido da shi ba. Waƙoƙin farko Baba ya ɗaure fuska, a ɗaya ma ya toshe kunne da hannunsa mai lafiya. Sai ta ƙarshe ta zo. Jita da ganga suka yi ta hawa, suka yi ta hawa, har kofuna na rawa a kan tebur, sannan komai ya yanke lokaci guda, muryoyin maza suka taso daga ƙasa. Na ga hannun Baba ya lalubo wuyan hannun Gwawr yana buga mata awo da yatsa. Sai ya buɗe baki. Yaya, kalmomin suka fito, cikakku, ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan da muka tashi muna ji daga bencin baya. Ya bi kansa na cikin faifai har ƙarshen baiti bai yi tuntuɓe ba. Alwyn da ya shigo da takalmin gona ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula. Ni kuwa na ji kamar ba a falona nake tsaye ba.

Da waƙar ta ƙare ya yi ƙoƙarin magana, ba abin da ya fito. Ya juya yatsa a iska, a sake. A karo na biyu da aka zo inda muryar Emrys ta ɗan fito sama, ya girgiza kai ya yi tsaki, muka fashe da dariya muna share hawaye. Gwawr ta kifa kai a gwiwarsa ta tambaye shi ko ta rera ta a gaban mutane. Ya ɗago haɓarta ya gyaɗa kai. Malamar da ke koya masa magana ta ce an san haka, wai hanyar waƙa daban take da ta magana a cikin ƙwaƙwalwa. Na fahimci bayaninta, amma bai rage mini komai daga abin da na gani ba.

Yanzu suna yawon wasa, Glasgow da Dublin har Jamus, kuma za su rufe a majami'ar nan tamu cikin watan Maris, tsofaffin duka a gaba, Baba a kekensa na marasa lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, bai kuma yi mana alkawarin komai ba. Na sa maka faifan cikin wannan saƙo, amma so nake ka zo ka ji daga bakinsa.

Ka gaishe mini da Noreen, da ɗanka Tegid da matarsa, da 'yar jikarka Elen. Alwyn da Gwawr suna gaishe ka, haka ma Anti Menna. Na tambayi Baba ko yana da saƙo gare ka. Ya daɗe yana kallon hotonka da ke bango, sannan ya miƙa hannu ya dafa kujerar da ke kusa da tasa.

Ubangiji ya kiyaye ku, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Eirlys