Tankin Inna da zarton huda

Litinin, 6 ga Mayu
Bintu, ƙanwata, ta kira daga Gashua. Ƙafafun Inna sun ƙara kumbura, likita ya ce ƙoda ce, a kula da ruwan da take sha. Bintu ta sayar da tunkiyarta ta sayo tankin roba, a riƙa tace ruwa ana zubawa. Saura a huda shi a sa famfo. Ta ce ko a kira ƙanenmu Madu, tunda aikin famfo sana'arsa ce? Na ce ina raye? Yaron da ya watsar da shagon kafintancin Baba ya tafi bin bututu, ko gaisuwa ba ma yi. Ni ne babba, ni zan huda.

Laraba, 8 ga Mayu
Na iso Gashua daga Nguru da injina na huda da zartonsa, zagayayyen nan mai manyan haƙora da nake fasa ƙofofi da shi. Inna ta rame, wallahi. Na fara da farantin ƙarfen da tankin zai zauna a kai, inda bututu zai bi. Ƙara, hayaƙi, haƙoran suka yi baƙi suka dakushe. Ƙarfen ko gezau.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ban huda komai ba. Zafi kamar a gasa mutum.

Asabar, 11 ga Mayu
Na koma Nguru wajen Bartholomew mai kayan aiki. Dariya ya yi mini, wai na kai zarton katako yaƙi da ƙarfe. Ya ba ni mai ƙananan haƙora, ya ce a hankali, ana ɗiga mai. Na tambayi na roba, ya ce shi sayarwa ya sani, in tambayi ƙanena. Kowa Madu, Madu! Na sayi sabon zarton katako, roba ai ba ta fi katako tauri ba.

Litinin, 13 ga Mayu
Ƙarfen ya hudu, alhamdu lillahi. Kafin in taɓa tankin na gwada na katakon a tsohuwar jarka. Haƙoran suka cafke, injin ya fizge mini hannu, jarkar ta tsage har gindi. Bintu tana tsaye, sai ta je ta dafa tankin. Ba ta da wata tunkiyar, na sani. In ya tsage, Inna za ta ci gaba da shan na 'yan garuwa. Tsoro nake ji, a nan kaɗai zan faɗa.

Talata, 14 ga Mayu
Inna ta yi amai. Ta tambaya ko tankin ya gagara ne, na ce injin ne ke gardama. Ta dube ni kawai. Ita ta haife ni.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ba kiran Madu na yi ba. Wucewa na yi ta bakin shagonsa, na tambayi hanyar da na sani. Ya miƙe ya gaishe ni, ya ɗauko jakarsa ya biyo ni, ba wanda ya yi maganar tanki.

A gida ya ɗaura wani zarto mai haƙora sirara, na zaci zai nuna mini iyawa. Sai ya miƙo mini injin. "Yaya, hannunka ya fi nawa tsayawa. Juya shi baya, kada ka danna. Roba in ka matsa mata tsagewa take yi." Ya rungume tankin da ƙirjinsa. Ina ta zufa har ƙwallon robar ya faɗo, bakin ramin sumul.

Juma'a, 17 ga Mayu
Kumburin yana nan, ban yaudari kaina ba. Amma famfo ba ya yoyo. Bintu ta kai wa Inna kofin farko, ta sha rabi, ta tambayi wa ya yi aikin. Bintu ta ce, "Su Yaya Zakir ne." Inna ta ce, "Su?" Madu yana bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na ce ya shigo mana, ko sai an aika masa da goro.